Ƙara wa Akori-Kura Ƙarfin Inji: Riba ce ko Asara ga 'Yan Kasuwar Jalingo?

JALINGO — Da zarar kaka ta yi, amfanin gona ya fara isowa kasuwa, babu kadarar da ɗan kasuwa a unguwar Barade ta birnin Jalingo yake tattali kamar motarsa ta akori-kura. Ita ce ke ɗauko doya daga Zing, da shinkafa daga Mutum Biyu, da masara daga Garba Chede da Bali. Ita ce kuma ke haurawa tsaunin Mambila da siminti da gishiri da sauran kayan masarufi, ta gangaro da ganyen shayi da ayaba da irin albarkatun da Allah ya hore wa yankin. Duk ranar da ta kwana a gareji, cinikin gidan ya tsaya ke nan.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne yadda wata tambaya ta shiga bakin masu irin waɗannan motoci, musamman masu amfani da man dizal, wanda direbobi suka fi sani da gas: shin ya dace mutum ya kashe kuɗi a ƙara wa injin motarsa ƙarfi fiye da yadda kamfani ya ƙera shi? Masu wannan sana'a kan yi alkawarin ƙarin ƙarfi na kashi 20 zuwa 30 cikin 100, wasu ma su haɗa da alkawarin rage shan mai. Ga wanda ya taɓa ganin motarsa tana nishi a hawan Mayo Selbe, maganar tana da daɗin ji. Amma fa mota jari ce, kuma duk abin da za a yi wa jari sai an auna shi da ma'aunin riba da asara.

Abin da ya jawo maganar

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko shi ne yanayin ƙasar Jihar Taraba kanta. Tun da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, Jalingo ta zama cibiyar rarraba kaya zuwa ƙananan hukumomi 16, kuma hanyoyin da suka haɗa su ba iri ɗaya ba ne. Birnin yana kwance ne a kwarin Binuwai, tsayinsa daga doron teku bai kai mita 400 ba. Tsaunin Mambila kuwa, inda garuruwan Maisamari da Nguroje da Gembu suke, ya kai kimanin mita 1,600. Yayin da mota ke hawa, iska tana raguwa, kuma injin dizal da iska yake ƙona mai. Ƙa'idar da injiniyoyi suka saba aiki da ita ita ce, injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawa na mita 300. Ma'ana, motar da ta bar Jalingo da ƙarfinta, kafin ta isa Nguroje ta rasa fiye da kashi ɗaya bisa goma nasa, alhali a can ne aka fi bukatarsa.

Dalili na biyu shi ne halin da hanyoyi suke ciki. Karyewar gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a daminar 2024 ta tilasta wa direbobi da yawa yin dogon zagaye ko jiran jirgin fito, abin da ya ƙara wa kowace tafiya lokaci da mai. Wanda tafiyarsa ta ƙara tsawo kuwa, dole ya fara tunanin yadda zai ƙara kaya ko ya ƙara sauri.

Dalili na uku shi ne tsadar sabuwar mota. Bayan da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, har dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, farashin motoci sababbi da na Kwatano ya yi tashin gwauron zabo. Ɗan kasuwar da a da zai sayar da tsohuwarsa ya cika kuɗi ya sayi babba, yanzu ya koma neman dabarar da za ta sa wadda ke hannunsa ta yi aikin babbar.

Injuna iri biyu

Kafin a yi maganar ƙari, ya kamata a san abin da ake son ƙara wa. Akasarin motocin Hilux da ke yawo a Nijeriya masu amfani da fetur ne, to amma na dizal ɗin da ke hannun 'yan kasuwa da 'yan kwangila sun kasu gida biyu.

Kashi na farko su ne tsofaffin injuna marasa turbo, irin su 2L da 3L da 5L na Hilux, da kuma 1HZ mai silinda shida da ke cikin Land Cruiser akori-kura. Injin 1HZ, wanda aka fara ƙerawa a 1990, girmansa lita 4.2 ne, amma ƙarfin doki wajen 130 kawai yake bayarwa. Wannan ba gazawa ba ce, da gangan aka yi shi haka: injin da ba a matsa masa ba yana jure man da ba shi da tsabta sosai, kuma kowane bakanike na ƙauye zai iya kwance shi ya ɗaure. Shi ya sa kamfanin Toyota ya ci gaba da sayar da shi a ƙasashen Afirka shekaru da yawa bayan ya daina a Turai.

Kashi na biyu su ne injunan zamani masu turbo, waɗanda kwamfuta ke sarrafa su, irin su 2KD da 1KD, da kuma 2GD da 1GD da suka fito a 2015. A cikinsu, famfo yana tara mai a bututu guda da matsi mai tsananin gaske, wanda a sababbin ya haura ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa, sa'an nan ƙwaƙwalwar motar ta yanke adadin man da kowane nozul zai fesa da kuma lokacin da zai fesa shi. Suna da ƙarfi, ba su da shan mai, amma ba su da haƙuri da ruwa ko ƙasa a cikin tanki.

Hanyoyin da ake bi

Hanya mafi araha, kuma mafi daɗewa a garejojinmu, ita ce buɗe famfo. Bakanike zai murɗa wani ƙaramin noti a jikin famfon tsohon inji domin ya riƙa tura mai fiye da ƙima. Motar za ta ɗan ƙara kuzari, amma tun da iskar da ke shiga ba ta ƙaru ba, rarar man ba ta ƙonewa sosai. Baƙin hayaƙin da ake gani yana tuɗaɗowa daga salansa shi ne shaidar haka. Wannan hayaƙi kuɗin mai motar ne ke tashi sama, kuma a kan tsauni, inda iska ta riga ta yi ƙaranci, abin ya fi muni.

Hanya ta biyu ita ce ɗora turbo a kan injin da ba a ƙera shi da ita ba. Turbo na'ura ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda. A ƙa'ida wannan ita ce amsar matsalar hawan tsauni, domin tana mayar da iskar da tsayi ya rage. A ƙasar Ostareliya, inda Land Cruiser ke da farin jini wurin manoma da masu haƙar ma'adinai, an daɗe ana yi wa injin 1HZ wannan aiki. To amma akwai abin lura. Tsofaffin injunan nan suna matse iska ninki 22, alhali injin 1GD da aka ƙera domin turbo ninki 15.6 yake matsewa. Idan aka ƙara iska a kan injin da matsinsa ya riga ya yi yawa, fistin da kan inji ne za su ɗauki nauyin. Lokacin da kamfanin Toyota da kansa ya so yin mai turbo daga dangin 1HZ, watau 1HD-T, sai da ya canja fistin da kan injin da yadda ake fesa mai, ya kuma rage matsin.

Hanya ta uku ta shafi injunan zamani ne: a haɗa kwamfuta da ƙwaƙwalwar motar a sake rubuta umarnin da ke cikinta, ko kuma a liƙa wani ɗan akwati da zai riƙa yaudarar ƙwaƙwalwar, ya nuna mata matsin mai bai kai ba domin ta ƙara. Aikin ba ya ɗaukar fiye da 'yan sa'o'i, kuma ƙarfin da ake samu na gaske ne. Dalili kuwa shi ne, kamfani yakan bar tazara tsakanin abin da inji zai iya da abin da aka bar shi ya yi, domin ya jure zafin rana da gurɓataccen mai da sakacin direba. Mai sake rubuta umarni wannan tazara yake cinyewa. A ƙasar da mai ke da tsabta kuma ake juye baƙin mai a kan kari, ana iya cin wani abu daga cikinta ba tare da illa ba. A hanyar Bali zuwa Serti cikin watan Maris, da zafi da ƙura da lodi, tazarar ita ce garkuwar injin.

Hanya ta huɗu ita ce cire na'urorin rage hayaƙi, watau bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, wanda kanikawa suka sani da EGR, da kuma matatar toka ta DPF da ke cikin salansar motocin da aka shigo da su daga Turai. Sau da yawa ba neman ƙarfi ke sa a cire su ba, toshewa suke yi saboda irin man da ake zuba musu. Duk da haka cire su yana da nasa sakamakon, kamar yadda za a gani nan gaba.

Akwai kuma ƙananan ƙare-ƙare, irin su babbar salansa da matatar iska mai faɗin ƙofa. Ita wannan matata ta ƙarshe tana barin iska ta wuce da yawa ne saboda ramukanta sun fi girma, kuma inda iska ta wuce da sauƙi, ƙurar hunturu ma za ta wuce. Ƙura kuwa a cikin silinda tamkar yashi ce a cikin niƙa.

Darasi daga kamfanin da ya ƙera motar

A shekarar 2020 kamfanin Toyota ya ƙara ƙarfin injin 1GD na Hilux daga doki 177 zuwa 204, ƙarin da ya kai kimanin kashi 15 cikin 100. Bai yi haka ta hanyar taɓa kwamfuta kaɗai ba. Ya sa turbo mafi girma, ya gyara tsarin fesa mai, ya inganta hanyoyin sanyaya injin, ya kuma ƙarfafa wasu sassansa. Idan kamfanin da ya zana injin ya ga sai ya yi duk wannan kafin ya ƙara kashi 15, ya kamata mai mota ya tambayi duk wanda ya yi masa alkawarin kashi 30 a cikin yini guda: ina ƙarin zafin zai tafi?

Zafi shi ne tushen matsalar. Ƙarin ƙarfi daga ƙarin ƙuna yake fitowa. Fistin na waɗannan injuna da gaurayen alminiyam ake yin su, shi kuma alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salsiyos, yana kuma fara rauni tun kafin a kai nan. Masu aikin injin dizal sukan ɗauki digiri 650 zuwa 700 a matsayin iyakar zafin hayaƙin da bai kamata a daɗe a kai ba. Abin takaici shi ne, allurar zafi da ke gaban direba zafin ruwan lagireto take nunawa, ba zafin hayaƙi ba. Fistin na iya tsagewa a tsakiyar hawa alhali allura tana zaune a inda ta saba.

Bayan inji kuma akwai kuloci da giyabos da aksul, waɗanda aka auna su daidai da ƙarfin asali. Galibi kuloci ne ke fara zamewa, daga nan sauran su biyo baya.

Batun ingancin mai

Ba za a raba wannan magana da irin man da ake samu ba. Tun 2009 ƙasashen Tarayyar Turai suka ƙayyade sinadarin farar wuta a cikin dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan. Nijeriya kuwa ta daɗe tana amincewa da man da ya kai kashi 3,000 cikin miliyan. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a 2016 ya fallasa yadda wasu dillalan mai na Turai ke haɗa man da ba zai sayu a can ba su turo shi Afirka ta Yamma. A 2020 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan ga man da ake shigowa da shi, sa'an nan a 2024 matatar Dangote da ke Legas ta fara sayar da dizal ɗinta a cikin gida.

An samu ci gaba, amma direban da mai ya ƙare masa a ƙauye tsakanin Serti da Gembu, abin da ya samu a jarka shi zai zuba, ko da an gauraya shi da kananzir ko ruwa ya shiga. Nozul na injin zamani ramukansa ba su fi kaurin gashin kai ba sosai. Idan ya lalace ya fara tsiyayar da mai maimakon fesawa, zafi yana taruwa a wuri guda a kan fistin. Injin da ke kan ƙarfinsa na asali yana iya jurewa har a kai gareji. Wanda aka riga aka matsa wa ba shi da wannan sarari.

Lissafin Naira da kwabo

A shekarar 1994, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta tsayar da farashin mai, litar dizal Naira 9 ce. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, ta tashi daga wajen Naira 300 zuwa kusan 800. A farkon 2024 ta haura Naira 1,500 a wurare da dama, kafin matatar Dangote ta sauke farashinta zuwa Naira 1,000 ga dillalai a watan Afrilun shekarar. Mai ya zama babban kaso na kuɗin tafiyar da mota, don haka alkawarin rage shansa shi ne ya fi jan hankali. Bari a gwada shi da misali. Alƙaluman da ke biye na misali ne kurum, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu.

A ɗauka akori-kura tana tafiyar kilomita 3,000 a wata, tana shan lita 11 a kowane kilomita 100. Lita 330 ke nan. Idan lita tana Naira 1,000, kuɗin mai na wata ya kama Naira 330,000. A ɗauka kuma aikin ƙara ƙarfi, da kayansa da ladan bakanike, ya ci Naira 600,000, kuma an yi sa'a ya rage shan mai da kashi 5 cikin 100. Rarar wata ita ce Naira 16,500. Kafin jarin ya dawo sai an yi wata 36 da ɗoriya, watau fiye da shekara uku.

Wannan ma idan kuɗin nasa ne. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, lokacin da rancen bankunan kasuwanci ga ƙananan 'yan kasuwa ya kai wajen kashi 30. A irin wannan farashi, Naira 600,000 tana jawo Naira 15,000 a kowane wata, abin da ya kusa lashe rarar gaba ɗaya. Ko ga wanda ba ya hulɗa da rance mai ruwa, lissafin bai canja ba sosai, domin da ya sa kuɗin a buhunan masara lokacin kaka, da sun kawo tasu ribar.

Sa'an nan a duba ɗaya ɓangaren. Ragin shan mai yana samuwa ne kawai idan direba ya ci gaba da tuƙi yadda ya saba. Amma direban da ya ji mota ta ƙara kuzari, da wuya ya ƙi taka ta, balle ma idan ba shi ke sayen man ba. Idan shan mai ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, asarar wata ta zama Naira 33,000, ta shekara kuwa Naira 396,000. In kuma inji ya buga a tsakiyar kaka, motar da ke kawo ribar Naira 30,000 a rana ta yi mako biyu ana jiran kayan gyara daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ko Nnewi, an rasa Naira 420,000 tun kafin a biya kuɗin injin. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma darajar motar ranar sayarwa. Dillalan mota da masu saye sun fi son injin da ba a taɓa ba, kuma wanda ya ga alamar an yi wa inji kwaskwarima zai rage tayi. Ga mai sabuwar mota, garantin kamfani ba ya ɗaukar ɓarnar da ta samo asali daga canjin da kamfanin bai amince da shi ba.

Ƙarfin inji ba ya ƙara wa mota ƙashi

Hujja mafi ƙarfi da masu son ƙari ke kawowa ita ce, za su ɗauki kaya da yawa a sawu ɗaya. A nan ne kuskuren ya fi haɗari. An ƙera akori-kura irin Hilux ne domin ɗaukar kimanin tan ɗaya, wanda ya haɗa da direba da yaron mota. Buhun masara goma masu kilo 100 sun riga sun cika wannan adadi. Abin da ya ƙayyade shi ba inji ba ne, sifirin ne da aksul da taya da birki. Ƙara wa inji ƙarfi ba ya ƙara wa ɗayansu komai. Hasali ma raunin inji a wani lokaci rahama ne, domin shi ke hana a yi wa mota lodin da birkinta ba zai iya tsayarwa ba.

Duk abin da ya hau Mambila sai ya sauko. A gangaren da ke tsakanin Maisamari da Mayo Selbe, mai lanƙwasa da kwazazzabai, birki da giya ne ke riƙe da ran mutanen da ke cikin mota. Ilimin kimiyya ya tabbatar da cewa motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana ɗauke da ƙarfin tafiya da ya ɗara na mai gudun 80 da kashi 56 cikin 100, kuma birki ne zai mayar da wannan duka ya zama zafi kafin ta tsaya.

Doka da inshora da lafiyar jama'a

Yarjejeniyar inshora an gina ta ne a kan faɗin gaskiya tsakanin ɓangarori biyu. Wanda ya canja ƙarfin injinsa bai sanar da kamfanin inshora ba ya buɗe ƙofar da za a iya ƙin biyansa diyya ranar da tsautsayi ya faɗa. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a watan Janairun 2023, 'yan sanda kuma suka fara tsananta binciken takardar a watan Fabrairun 2025. Haka nan tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya da na sufuri sanya na'urar ƙayyade gudu. Game da hayaƙi kuwa, akwai dokokin hukumar NESREA na 2011 da suka shafi hayaƙin motocin fetur da na dizal.

A Amurka, Hukumar Kare Muhalli ta ƙiyasta a 2020 cewa an cire na'urorin rage hayaƙi daga akori-kurar dizal fiye da 550,000 cikin shekara goma, ta kuma ci tarar kamfanoni da dama masu sayar da kayan aikin. Tun 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Waɗanda suka fi shaƙar hayaƙin akori-kura ba baƙi ba ne: yaron motar da ke zaune a kan kaya ne, da 'yan dako, da masu kasa kaya a bakin titi, da iyalin mai motar da ake tayar da ita a ƙofar gidansu kowace asuba.

Abin da ya kamata a fara yi

Akasarin motocin da ake kukan ba su da ƙarfi, ba ƙarfin kamfani ne ya yi musu kaɗan ba, nasu na asali ne ya zube. Toshewar matatar iska da ta mai, nozul da ya gaji, bawul da ba a daidaita ba, yoyon iska a bututun turbo, birkin da ke kamawa, da tayar da ba ta da isasshiyar iska, kowannensu yana cin ƙarfi yana ƙara shan mai. Manyan tayoyin da wasu ke sawa don ado su ma suna rage wa mota ƙarfin ja a hawa. Gyara waɗannan ya fi kowane ƙari araha, kuma ba ya taɓa garanti ko inshora. Ƙarin matata mai raba ruwa da mai, da wanke lagireto kafin bazara, da koya wa direba sauka zuwa ƙaramar giya tun kafin hawa ya kama, su ma jari ne da ke biyan kansu.

Ga wanda hanyarsa ta tsaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kamar Jalingo zuwa Wukari ko Yola, babu wata hujjar kasuwanci da za ta sa ya taɓa injinsa. Ga wanda matsalarsa yawan kaya ce, maganinta mota mai ɗaukar tan uku irin Canter ko Dyna, ko da ta haɗin gwiwa ce tsakanin 'yan kasuwa biyu ko uku, ko kuma ɗaukar shata a lokacin da kaya suka yi yawa.

Mutum ɗaya ne lissafi ke iya goyon bayansa: wanda ke hawa Mambila kowane mako da injin da ba shi da turbo, kuma ba ya wuce ƙa'idar lodi. Shi ma da sharuɗɗa. A fara auna matsin kowace silinda a tabbatar injin lafiyayye ne. A tsaya a kan ɗan ƙaramin ƙari wanda zai mayar da iskar da tsauni ya rage kurum. A haɗa da na'urar sanyaya iskar turbo da agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba. A rage tazarar juye baƙin mai. A sanar da kamfanin inshora a rubuce. A kuma nemi wanda zai yi aikin ya nuna motocin da ya yi wa shekara biyu da suka wuce, ya rubuta abin da zai ɗauka idan aiki ya ɓaci. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya ba da amsa.

Tsofaffin motocin Land Rover da suka shafe shekaru masu yawa suna jigilar mutane da kaya a ƙauyukan Mambila ba su yi suna don gudu ba, sun yi suna ne don suna zuwa suna dawowa. Ga ɗan kasuwar Barade, ribar akori-kura ba a yawan dokin da ke cikin injinta take ba, a yawan ranakun da ta yi a kan hanya ne cikin shekara, da abin da ya rage a aljihu bayan an cire kuɗin mai da na gyara. Kafin ya miƙa makulli ga mai ƙara ƙarfi, ya dace ya zauna da littafin lissafinsa tukuna.